Wa Ya Ara Maka Bakina?

Auta,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya, Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a inda za ka sa kanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a Kano. In ka isa ka gaida yayarka Sa'a da maigidanta. Kukar nan da daddawar da ke cikin baƙar leda nata ne, kada ka riƙe.

Hannuna ne wannan. Ban sa kowa ya rubuta mini ba, don maganar ba ta kunnen kowa ba ce. Ka san iyakar bokona, shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci, shi ma rabinsa hira muka yi. In ka ga baƙi ya karkace ka miƙe shi da kanka, ai kai ka yi jami'a. Kwana huɗu ina rubutawa bayan la'asar. Na cusa ta ƙarƙashin sabuwar shaddarka, don na san can za ka fara kai hannu.

Ba zan ba ka labarin gida ba, yau ka bar shi, akuyoyin ma ba su san ka tafi ba. Ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Ranar Talata da hantsi kana zaure kana waya, ni ina tsakar gida ina tsince wake. Ka manta tsufa gwiwata ya ci, bai taɓa kunnena ba. Na ji ka ce wa maigidan nan naka na kamfani, "Ranka ya daɗe, filin bakin titin ai na mahaifiyata ne. Ka ɗauka an sallama. Ka gaya wa Alhajin ya shirya."

Na san abin da ke gabanka. Kamfanin dillancin gine-ginen nan gwajin wata uku suka ɗauke ka, suka ce in ka kawo ciniki ɗaya mai kyau kujera ta zama taka. Na san akwai wani Alhajin birni da ke neman wuri a kan hanyar Rano zuwa Kibiya, zai gina babban sito na masara da waken suya, ya jera shaguna a gaba ya ba da haya. Na kuma san shekara uku kana yawo da takardun makaranta har gefensu ya cinye. Duk na sani. Amma filin nan tumunina ne, shi ya faɗo mini a gadon babanku. Ban ce maka na sayar ba. Kai ma ba ka tambaye ni ba.

Kada ka ɗauka fushi na yi. Dariya ma na yi har waken ya zube, don abin da na taɓa yi ne sak, ban san yana bin jini ba. Amsata a kan filin tana ƙarshen takardar. Kada ka juya ka leƙa. Na san halinka, tun kana ƙarami naman miya kake fara lalubowa kafin ka taɓa tuwo. Ka karanta daga nan.

An buga maka kati da wani dogon suna na Turanci, ka karanta mini sau uku ban riƙe ba. Ni dillali na sani. Mai abu yana gefe, mai nema yana gefe, kai kana tsakiya, in an daidaita a ba ka la'ada. Aikin da na yi shekara arba'in ke nan a garin nan, bambancinmu kawai kai za ka sa takalmi sau ciki, ni silifa na kashe.

Da aka kawo ni Rano daga Durba ban san komai ba sai daka da surfe. Babanku mai awo ne a kasuwa, abin da yake samu yana ciyar da mu amma ba ya saura. Sai na fara ɗaukar kayan matan kulle ina kaiwa gida gida, kwanon samira, turmin atamfa, 'yan kunne. Daga nan keken ɗinki, daga nan tinkiya. Yadda na kai ga shago kuwa, matan nan ne da kansu. Mace za ta gaji shago a kasuwa ko fili a bakin hanya, ba ta fita, dillali namiji ba ya shigowa, sai dai a yi mata aike ta bakin miji ko ƙane, maganar ta iso ta ragu. Ni kuwa ina shiga har ƙuryar ɗaki, ina kuma tsayawa a bakin rumfar maza in yi magana. Haka aka fara cewa a kira Ramatu dillaliya.

Kuskurena na farko a shago na farko na yi shi.

Hajiya Asabe ta bayan masallaci, ba ka san ta ba sosai, ta rasu kana firamare. Ita ce ta fara yarda da ni, ita ta ba ni kwanukanta na sayar tun ba wanda ya san sunana. Tana da shago a layin 'yan yadi, gadon mahaifinta. Wata rana ta kira ni ta ce, "Ramatu, ki je ki jiyo mini nawa za a taya shagon Baba. Jiyowa kawai."

Na samu Alhaji Sule mai yadi, mutumin Zinyau, ya daɗe yana kallon wurin. Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Ya sake ƙarawa har ya wuce abin da na taɓa zaton shagon zai kai. Na ce bari in je in gaya wa mai shi. Sai ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Ke dai kin cika ja. Akwai wani a layin baya, yanzu zan je in biya." Ya sa ƙafa ɗaya a takalmi. Na ga la'ada tana tafiya. Kafin ya sa ɗaya ƙafar na ji bakina ya ce, "An sallama."

Akwai maza huɗu a rumfar da muke cinikin. Wani malami a cikinsu ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Na taho gida kamar in tashi sama, ina cewa yau Hajiya za ta sa mini albarka.

Na same ta tana tankaɗe. Na faɗi kuɗin, na ce an ma shafa fatiha. Ta ajiye rariyar a hankali, ta dube ni.

"Ramatu, me na aike ki?"

Na ce, "Jiyowa."

Ta ce, "To wa ya ara miki bakina?"

Ashe ba sayarwa za ta yi ba. So take ta san darajar wurin don ta san hayar da za ta yanka na shekara biyu, kafin ɗanta Hamisu ya gama koyon ɗinki ta zaunar da shi a ciki. Ban tambaya ba, ita kuma ba ta ga dalilin gaya wa 'yar aike sirrin cikinta ba, kuma tana da gaskiya.

Ka san abin da ta yi? Da ta zage ni da na ji sauƙi. Cewa ta yi, "In na ta da cinikin nan, gobe duk kasuwa za a ce Ramatu maƙaryaciya ce, ke kuma da bakin nan kike ciyar da 'ya'ya. Je ki ce ya kawo kuɗin." Ta sayar da shagon ubanta don ta rufa mini asiri. Ta aiko mini da la'adata cif, ba ta rage ko kwabo ba. Daga ranar ko cokali ba ta sake ba ni in sayar ba. Shekara goma sha takwas in na gaishe ta sai ta ce lafiya lau, iyakarta ke nan. Hamisu kuwa a rumfar kara ya kafa kekensa, daura da shagon kakansa. Shi ya ɗinka maka rigar makaranta ta farko, kai ba ka san komai ba kana ta murna da aljihu.

To ka riƙe wannan. Dillali yana iya cewa albarka sau ɗari, don albarka ba ta rufe komai, gobe ma a dawo. Amma sallama ta mai abu ce. Ko wayarsa a kashe take, ka jira. Ko mai saye ya sa ƙafa a mota, ka jira. Yawancin masu kaɗe riga suna dawowa, na gani da idona ba sau ɗaya ba, wanda bai dawo ba kuma daman ba rabonka ba ne. Kuma in an aike ka, ka maimaita aiken a gaban mai shi: sayarwa ne, haya ce, ko jin farashi ne kawai? Ka sa ya faɗa da bakinsa. Ku yanzu kuna da takarda, to ya sa hannu. Kada ka ce ai na san abin da yake so. Ba ka sani ba.

Kuskure na biyu ba magana na yi ba, shiru na yi.

Lokacin sunana ya riga ya zauna. Akwai wani sito a gangaren kasuwa, ginin siminti, rufin kwano sabo, ƙofar ƙarfe. In ka gan shi da rani sai ka ce a kwana a ciki. Alhaji Mamman na Madachi, mai sayen masara ya ajiye sai ta yi tsada, ya ce in nemo masa wurin ajiya na shekara. Na kai shi. Ya buga bango, ya duba rufi, ya gwada kwaɗo. Ya tambayi ɓarayi, na ce babu. Ya tambayi ɓera, na ce sai dai na kowa. Bai tambayi ruwa ba. Ni kuwa na sani sarai, da marka ruwan da ke gangarowa daga dutse ta bayan siton nan yake bi, in kwata ta cika ta ƙarƙashin ƙofa yake shiga. Na ce a raina ai ban yi ƙarya ba, shi ne bai tambaya ba.

Damina ta yi tsakiya, wata safiya aka yi sallama da ni a ƙofar gida. Na fito na ga Alhaji Mamman, wandonsa a naɗe, taɓo har ƙauri. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ramatu, miƙo hannunki." Na miƙa. Ya zuba mini masara cike da tafi, duk ta tsiro, fararen saiwoyi kamar gashin tsohuwa. Ya ce, "Layin ƙasa gaba ɗaya haka yake. Ga la'adarki ta biyu, ki shuka." Ya juya ya tafi.

Na shiga na gaya wa babanku, ina sa ran zai je ya ba shi haƙuri namiji da namiji. Yana gyaran mudunsa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Da za ki kai shi siton kin neme ni?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Da ƙafata na je Madachi. Na mayar masa da abin da na karɓa, ya karɓa don ya san in bai karɓa ba ba zan tashi daga zauren ba. Ya yafe, amma shekara biyu duk 'yan hatsi in sun gan ni sai su ce, "Dillaliya, yau ina ruwa ya kwana?" Suna dariya, ni ma ina yi, amma ba wanda ya ba ni aiki.

Daga nan na koyi duba wuri. Ka fara da gindin bango, ba rufi ba. Ruwa yana barin layi, ko an yi fenti za ka ga inda ya kumbura. In ka ga sabon fenti iya gwiwa kawai, ka tambayi dalili. Ka duba ina ƙasa ta karkata. Ka tsaya a titi ka auna da ido ko babbar mota za ta iya juyawa, don siton da tirela ba ta shiga ɗakin kwana ne kawai mai faɗi. Sannan kada ka tambayi mai wuri, kada ka tambayi maigadi. Ka nemi matar da ke suyar ƙosai a kusa, ka sayi na ɗari biyu, ka zauna a benci. Ita ta san ranar da ruwa ya ci wutarta, ta san mutum nawa suka kama shagon suka tashi, ta san ko da faɗa suka tashi. Ba ta da la'ada a ciki, shi ya sa za ta gaya maka.

Kuma waɗannan masu zuba jarin na birni da za ka yi wa aiki, na ji a waya suke sayen wuri, a aika musu hoto su ce ya yi. To kai ne idonsu. Abin da ka gani ka ɓoye, kai ka cuce su, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Kada ka fake da cewa mai kuɗi ne ba zai ji ba. Alhaji Mamman ma mai kuɗi ne, kuma ya ji.

Na uku abin dariya ne yanzu, lokacin kuwa ban yi dariya ba. Wani shago ya daɗe a rufe a unguwarmu, mai shi ta dame ni da aike. Sai ga wani mai injin niƙa yana neman wuri. Na haɗa su rana ɗaya, ina jin kaina gwana. Ban tsaya na duba cewa bango ɗaya ne tsakaninsa da zauren Malam Idi mai makaranta ba. Bayan sati Malam ya zo da kansa, da carbinsa, ya ce, "Ramatu, Allah Ya saka miki. Yanzu ni ina biya karatu, inji yana amsawa. Jiya na ce a karanta, ban san ko an karanta ba, baki kawai na ga yana motsi." Sai da na yi wata guda ina neman wa mai injin wani wuri, na kuma biya masu ɗaukar injin daga aljihuna. Tun daga nan kafin in sa mutum a shago sai na tsaya na dubi dama da hagu. Mai sayar da magani ba ya son mai walda. Mai yadi ba ya son mai manja. Mai abinci yana son tasha. Ba cika ɗaki ne aikinka ba, zaunar da mutum ne inda zai daɗe. Wanda ya daɗe shi zai aiko maka da ƙanensa.

Na huɗu gajere ne don ba na son tuna shi. Wani fili a Kibiya, 'yan'uwa maza uku suka ce nasu ne, suka nuna takarda, mai unguwa ya shaida. Aka sayar, mai saye ya fara zuba bulo zai yi kanti. Sai ga wata mata ta sauko daga mota da goyo, ta zauna a kan bulon ta ce ba inda za ta. Ƙanwarsu ce, tana aure a nesa, ba wanda ya gaya mata. Ni mace, ni da na fara sana'ar nan a ɗakunan mata, ban tambaya ko akwai mata a gadon ba. Sai da aka je gaban alƙali. Ginin ya tsaya shekara guda. Don haka in an ce maka wuri na gado ne, ka ce a lissafo maka 'ya'yan mamacin duka, ka ce har mata, har wadda ke aure a wata jiha, har matan da ya bari. Ka ji muryar kowacce da kunnenka. In wani ya ce ai ita ba ta da matsala, to ita za ka fara nema.

Kada ka karanta wannan ka ɗauka rayuwata nadama ce. A'a. Kurakuran nan huɗu ne a cikin shekara arba'in, sauran na zaunar da mutane lafiya. In na bi ta kasuwa yau, mai kantin kusurwa ni na sa ubansa a wurin. Mai gyaran babur na bakin tasha ni na roƙar masa rumfa lokacin ba shi da komai sai sifana biyu, yanzu in ya gan ni da kaya sai ya tsayar da aiki. Da la'ada na aurar da yayyenka, da ita na biya maka makaranta bayan babanku ya rasu. Ina cin tuwona da ɗumi, ina barci ba na tsoron a yi sallama da ni da safe. Alhamdu lillahi. Sana'a ce mai kyau, Auta, na ji daɗi da ka faɗa cikinta, ko da yake ka sha gaya wa abokanka ba irin tawa ba ce. Irinta ce.

Sauran ƙananan abubuwa. Ka gaya wa kowane ɓangare tun farko wa zai ba ka la'ada, kada mutum ya ji daga baya. Kada ka sayi mota da cinikin farko, takalmi mai ƙarfi za ka saya. Ka ci abinci kafin ka je ciniki, mai yunwa saurin yarda gare shi. Kada ka bar salla don Alhaji yana jira, in mutumin kirki ne tare za ku yi. Kuma kada ka zama nauyi a gidan yayarka, ka riƙa shigowa da ko lemo ne.

To yanzu filin.

Kai ka san kusurwar gabas, inda gwanda ta ƙi yi. Can kake kama kwaɗi da damina ka zo mini da su a gwangwani. In ruwa ya sauko daga dutse kwalbatin titi ta toshe, kwana biyu yake yi a kwance a wurin. Hotunan da ka ɗauka ranar Lahadi da zafin nan, ƙasa a bushe kamar faranti, su ka aika. Na tabbata ba ka ambaci ruwan ba. Mutumin kuma masara zai ajiye. Ka ga a waya ɗaya ka haɗa kuskurena na farko da na biyu. Ni sai da na yi shekara tara tsakaninsu. Lallai boko yana sa sauri.

Ga abin da ba ka sani ba. Tun bara na yanke shawarar rabuwa da filin nan. Gwiwata ba ta kai ni, ba ɗayanku da zai dawo ya noma shi, ba na kuma son in mutu in bar muku abin faɗa. Da ka shigo ɗakina ka zauna ka ce, Inna, ga mai so, me kika gani, da a zaman nan za mu gama. Ban hana ka don rowa ba. Amma ba zan yi maka abin da Hajiya Asabe ta yi mini ba. Ita ta rufa mini asiri ta rufe ƙofarta. Ni ina son ƙofata a buɗe gare ka, don haka ba zan rufa maka wannan ba.

Ranar da za ka fara shiga ofis, kafin ka zauna, ka samu maigidan naka ka ce masa, "Ranka ya daɗe, na faɗi abin da ba nawa ba. Mai fili ba ta sallama ba tukuna. Kuma akwai ruwa a kusurwar gabas, ban faɗa ba." Haka za ka ce, kada ka yi masa ado, kada ka ce tsohuwa ce ta canja magana. Tsohuwa ba ta yi magana ba balle ta canja.

Na san abin da nake sa ka. Zai iya ɓata rai. Zai iya cewa gwajin ya ƙare tun ba a fara ba. Na auna wannan kwana huɗu, shi ya sa takardar ta daɗe. In mutumin ya san sana'arsa, zai gane ya samu wanda zai iya aikawa ya kwanta da hankalinsa. In kuma ya kore ka don ka faɗi inda ruwa yake kwana, to gara yanzu da bayan ya koya maka halinsa. Ka hau mota ka dawo. Ɗakinka yana nan, kuma akwai shaguna uku a Kibiya da masu su suke ta aiko mini, na ce na tsufa. Sai mu fara da su, kai ka yi tafiyar ni in yi bakin.

In kuwa Alhajin yana so har yanzu, ka kawo shi da marka, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ya sa takalmin roba ya tsaya a kusurwar ya gani. Wuri ne mai kyau, in ya ɗaga ƙasa ya gyara magudana zai ji daɗinsa shekaru, titi a gaba, kasuwa biyu a kusa. Amma ya saya yana sane. Tsamiyar bakin titi da taku goma kewayenta ba sa ciki, Lami mai awara da sauran matan da ke zama a inuwar tun babanku yana da rai ba zan tashe su ba. Ka gaya masa wannan ma tun a Kano, kada ya zo ya ji.

Sannan ka shigo da shi zaure, ka yi sallama kamar kowane dillali, ka ce Hajiya ga mai saye. Ni zan zauna a bayan labule da tabarmata. Ya taya, in ce albarka. Zan faɗa sau uku ko da tayin farko ya yi mini, kada ka zaro ido, haka ake yi. In ya kai inda nake so, za ka ji kalmar daga bakin mai ita. La'adarka kuma zan ba ka cif kamar bare, ba ragin uwa.

Allah Ya tsare mini kai, Auta. Ya tsare bakinka, Ya tsare ƙafarka, Ya raba ka da cin haƙƙin wanda ya yarda da kai. Ya sa ka fi ni a sana'ar nan, Ya ba ka abincinka ta hanyar da za ka iya faɗa a gaban kowa. Ya jiƙan babanku. Ya dawo mini da kai lafiya da damina, ko da Alhaji ko kai kaɗai, duk tuwo ɗaya zan tuƙa.

Filin ban sallama ba tukuna. Kai dai na sallame ka, da zuciya ɗaya. Je ka yi aikinka.

Innarka,
Ramatu dillaliya, Rano.